Idan Tasha Ta Rufe, Asusu Kada Ya Rufe



A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda cutar korona, aka hana motoci zirga-zirga tsakanin jihohi. Tasha ta yi tsit. To mu masu ƙosai da fura da tuwo, ai direbobi da fasinjoji ne kasuwarmu. Ga azumi ya kama, ga ba ciniki.

Abu uku ne suka riƙe ƙungiyarmu. Na farko, ba mu daina zubi ba, ragewa muka yi. Mai zuba hannu biyar ta koma hannu ɗaya. Na biyu, masu bashi mun ƙara musu wa'adi, muka yafe tara. Na uku, mun buɗe asusun taimako, muka auno gero ga gidajen da tukunya ba ta hau wuta ba. Taro kuwa mun dakatar da shi. Masu makulli uku da ma'aji da magatakarda kaɗai ke zama, kowacce sai ta aiko da zubinta.

Roƙona gare ku, ku zauna tun yanzu ku sa waɗannan cikin dokar ƙungiyarku, kowa ta amince. Sannan kada jari duka ya tafi a kayan da ke lalacewa. Nono da tumatir ba sa jira, amma ƙuli-ƙuli, daddawa da busasshiyar kuɓewa suna jira, kuma maƙwabta na saya har cikin gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka a asusunmu.