Fin ɗin tarakta: ɗan ƙarfen da ke tsayar da aikin damina

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan'uwa da data ba ta bar su sun saurara ba.

Duk sanda aka ɗauko zancen tarakta a ƙasar nan, abin da muke ji shi ne gwamnati ta sayo guda kaza, an jera su a fili, an ɗauki hoto. Mu matasa sai mu kama tambayar wa aka ba, wa aka hana. Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu daina yin ta ba. Amma yau ina so mu zagaya bayan taraktar mu sunkuya, mu dubi wurin da garma ko haro ke haɗuwa da ita. Akwai wani ɗan ƙarfe a wajen da direbobi ke kira fin. Tsawonsa bai kai tafin hannu ba, amma idan ya faɗi a tsakiyar gona, injin miliyoyin naira ya zama kujerar zama.

Bari mu fara da yadda abin yake. Tarakta tana riƙe kayan aiki ne a wuri uku: hannuwa biyu a ƙasa masu ɗagawa da saukewa, da hannu ɗaya a sama mai daidaita kwanciyar garma. Wani injiniya ɗan Ailan ta Arewa mai suna Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro wannan tsari, ya yi masa rajista a 1926, kuma sunansa ne kuke gani a jikin jar taraktar nan, Massey Ferguson. A kowane wuri cikin ukun nan akwai fin mai kauri da ke ratsa rami. A ƙarshen fin ɗin kuma akwai ɗan rami da ake zura kilif, ko dai mai zobe ko mai lanƙwasa kamar harafin R. Fin ne ke ɗaukar nauyi, kilif kuwa aikinsa ɗaya, ya hana fin zamewa. To kusan kullum kilif ne ke fara tafiya, fin ya bi shi daga baya.

Yaya yake tafiya? Karan dawa ko na masara da suka rage a gona, ko reshen sabara, sukan shiga zoben su buɗe shi, girgizar aiki ta ƙarasa sauran. Wani lokaci kuma tun farko an rufe zoben ta bai-bai. Kilif mai zobe gefe ɗaya yake kamawa. Idan ka rufe shi daidai za ka ji ƙas, zoben ya kwanta ya manne da jikin ƙarfen. Idan ka juya shi ta ɗaya gefen, sai ya tsaya da ɗan rata, ka ga kamar ya rufu alhali bai kama ba. Akwai kuma tsufa, zobe ya saki har yaro zai buɗe shi da yatsa ɗaya. Sannan mafi yawa, ɓatan lokacin canja kaya. An cire haro za a ɗaura rija, aka ajiye fin a ƙasa ko a kan taya, aka ja mota, shi ke nan ƙasa ta haɗiye.

Wani zai ce, haba, don wannan aka yi shiri guda? Ɗan hakin da ka raina fa shi ke tsone maka ido. Ka ɗauki ƙauyen da tarakta ɗaya ce ake haya, manoma sun yi layi, kowa ya biya kafin alƙalami. An yi ruwa jiya, ƙasa ta jiƙa daidai huɗa, kuma kwana biyu ko uku ne ta bushe. Fin ya ɓata da hantsi. Sai an hau babur an je gari, wataƙila ma sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Wunin ya tafi. Mai tarakta ya yi asarar kuɗin wuni, direba ya rasa kamashonsa, manomin da ke ƙarshen layi kuwa ya makara da shuka, kuma daminar Arewa ba ta jiran kowa.

Wannan asarar dukiya ce. Akwai ta rai. Idan fin ɗin hannu ɗaya ya fice ana cikin aiki, garma takan karkace ta faɗa kan taya, ko ta lanƙwasa ɗaya hannun. Mafi muni shi ne tirela. Fin guda ne ke riƙe ta a sandar ja, kuma duk mun san abin da tirela ke ɗauka a ƙauyukanmu: buhuna, taki, da mutane a saman kaya. Idan babu kilif a ƙasan fin ɗin nan, gargadar hanya tana iya tura shi sama kaɗan-kaɗan har ya fita. Tirelar da ta kuɓuce a gangara ba mai tare ta.

To me za a yi? Ga abin da ya kamata kowane direba da yaron mota su riƙe.

Na farko, a sa fin daidai da raminsa. Girman nan hawa-hawa ne. A mataki na 1, fin ɗin sama milimita 19 ne, na ƙasa 22. A mataki na 2, wanda shi ne na taraktoci masu ƙarfin doki 40 zuwa 100, na sama milimita 25, na ƙasa 28. Idan ka sa na 22 a ramin 28, ratar milimita 6 ɗin nan za ta riƙa duka har ramin ya zama kamar ƙwai. Akwai bushin da ake sawa ya cike ratar. Kuma don Allah a bar cusa guntun rodi ko ƙusa a maimakon fin. Rodi lanƙwasa yake yi, yana kuma cin ramin. Araha ba ta ado.

Na biyu, a zura kilif daga sama zuwa ƙasa, yadda ko zoben ya buɗe nauyinsa zai riƙe shi. A saurari ƙarar kamawar. Idan gonar mai kara ce, a ɗaure zoben da 'yar waya ko robar tayar keke.

Na uku, a ɗaure kowane fin da kilif da siririyar sarƙa a jikin kayan aikin. Mai walda zai yi maka cikin 'yan mintoci. A maƙala sarƙar a kan fin ko mariƙinsa, kada wuta ta taɓa jikin da ke ɗaukar nauyi, don zafi yana rage masa ƙwari. Kada kuma sarƙar ta yi tsawo, in ba haka ba ita ce za ta kamo kara ta fizge kilif ɗin.

Na huɗu, kayan da ba a yawan cirewa, a sa masa bolti da noti mai kulle kansa a ramin kilif. Cirewar sai da sifana, amma kara ba ya kwance noti.

Na biyar, a shafa wa kawunansu fenti ja ko ruwan ɗorawa, yadda za su fito a cikin ƙasa. Duk fin da aka cire a mayar da shi raminsa nan take, kada ya taɓa ƙasa. A ajiye 'yan kari a akwatin sifana, kuma ranar da aka taɓa su a cike gurbinsu.

Na shida, zagaye kafin tashi. Da safe, da bayan hutun rana, da kafin hawa titi, a taɓa kowane kilif da hannu. Tirela kuma a ƙara mata sarƙa mai ƙarfi tsakaninta da tarakta, ko da fin zai ci amana.

Sai kashedi biyu. Kada ka zura yatsa a rami don ka ji ko ya daidaita, sa guntun ƙarfe. A ja birki, a sauke kaya ƙasa, a kashe inji kafin wani ya shiga tsakanin tarakta da garma. Sannan kada a ɗaura abin ja a fin ɗin hannun sama. Ja daga wuri mai tsayi yana ɗaga gaban tarakta ta kifo ta baya a kan direba, kuma abin yana faruwa cikin ƙiftawar ido. Wurin ja shi ne sandar ƙasa.

'Yan'uwana matasa, tuƙin tarakta sana'a ce mai rufin asiri, kuma masu motocin suna lura. Direban da ba ya ɓatar da wuni a neman fin, shi ake sake kira baɗi. Idan kana da ƙani ko aboki a wannan harka, tura masa wannan rubutu. Idan kai manomi ne mai haya, ba laifi ka leƙa bayan motar kafin ta shiga gonarka, kuɗinka ne. In kuwa tirela za ka hau, ko matarka ko ɗanka, duƙa ka ga kilif ɗin nan da idonka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu a gona da kan hanya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.