Kayan Aikin Maginin Shafin Intanet



An nemi mu yi magana a kan manhajojin da ƙwararru ke gina shafukan intanet da su. To, mu ba gwanaye ba ne, almajirai ne, amma abin da muka gani shi za mu faɗa.

Maginin shafi a yau yakan fara zana fasalinsa a Figma, inda mutum biyar ke iya aiki a kan zane guda, kowa daga ɗakinsa. Sa'an nan ya rubuta shi a Visual Studio Code, wadda Microsoft ta fitar kyauta a 2015, ko kuwa ya ɗora shi a kan WordPress, wadda ta fito a 2003, yanzu ga shi tana ɗauke da wajen kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Duk kayan aiki ne na ƙwarai. Amma ku saurari labarin Flash.

Akwai zamanin da duk shafin da ke motsi ko kiɗa da Flash ake yinsa, har samari da yawa suka ƙare ƙuruciyarsu wajen koyonta. Sai Apple ta hana ta shiga iPhone. A ƙarshen 2020 kuwa Adobe, mai ita, ta janye hannunta gaba ɗaya. Wanda bai iya kome ba sai Flash ya wayi gari da sana'ar da ba mai saye, ayyukansa kuma suka daina buɗewa. Alhali shafin farko na duniya, wanda Tim Berners-Lee ya yi a CERN da HTML zalla, kwafinsa yana nan yana buɗewa a ƙaramar waya.

Saboda haka, jama'a, ƙarfinmu ya tafi ga HTML da CSS da JavaScript, watau harsashin da manhajojin ke zaune a kai, wanda ba kamfanin da zai iya rufe shi. Kwas ɗin mako biyu na jawo hoto a ajiye, wanda ake karɓar kuɗinmu a kansa, bai isa ba ko kusa.

Ga kuma wata damuwa tamu ta gida. Ba kowane salon haruffa ke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Kafin ku miƙa wa ma'aikata shafinta, ku rubuta "ƙaramar hukuma" ku duba a waya. In akwati ya fito a gurbin harafi, ku koma ga Noto na Google, yana da su duka.