Baƙo na Wucewa, Kasuwa na Kallo: Jawabi a Taron Ƙungiya

Shugaban taro, iyayenmu malamai, dattawa, 'yan uwa 'yan kasuwa.

An ce mu ɗan yi magana a kan garinmu Kafanchan da baƙin da ke ratsa shi. To, kowa ya sani jirgin ƙasa ne ya raya garin nan. Tun 1927 da layin dogo daga Fatakwal ya iso, ya rabu nan, ɗaya ya yi Kaduna ɗaya ya yi Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Da jirgi ya ja baya, ciniki ma ya ja baya, wannan ba sai an gaya wa kowa ba.

Amma har yanzu baƙi na zuwa. Wasu ruwan Matsirga suke zuwa gani, wasu duwatsun Kagoro, musamman ranar 1 ga Janairu da ake bikin Afan. Wasu kuma Nok suka nufa, can ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Duk ta ƙofarmu suke bi. Sai su sha mai, su sayi ruwa, su wuce. Mu kuwa muna zaune a rumfa muna kallon ƙura.

A Tanzaniya akwai wani gari, Arusha, wanda ta nan ake shiga dajin namun Serengeti. Ba a cikin garin zakin yake ba, amma nan baƙo yake kwana, nan yake cin abinci, nan yake sayen tsaraba. Abin da ya kamace mu ke nan.

Me za mu nuna wa baƙo? Muna da maƙera, da dukawa, da masu ɗinkin hula, da masu kilishi. Sai dai jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya: yawancin abin da baƙo zai so, daga hannun maƙwabtanmu yake fitowa. Citta daga Kwoi da Kachia take zuwa, haka acca, da zuma, da gwaza, da tukwane. Fantswam, Bajju, Ham da Kagoro su ke nomawa, mu ke awo. A 2023 da cuta ta faɗa wa citta, manomi ya yi kuka, dillali ma ya yi kuka, ba a tambayi addinin kowa ba. Haka wutar da ta ci kasuwa a rikicin bayan zaɓen 2011 ba ta zaɓi rumfa ba. Wanda ya ga wannan, ba zai so a maimaita ba, kuma baƙo ba ya kwana inda ake zaman ɗar-ɗar.

Sai wani abu da ya shafi yaranmu. Idan wani ya zo da kan yumɓu a buhu ya ce a nemo masa mai saye, kada a taɓa. Tun 1979 doka ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje, kuma gadon mutane ne aka tono a ɓoye. Mai son gani, a nuna masa hanyar Nok ko gidan tarihi na Jos.

Shawararmu ga shugabanni ita ce a nemi layi guda a kasuwa na kayan tsaraba zalla, mu da maƙwabtanmu tare, a rubuta farashi, a daina tsuga wa baƙo kuɗi don an ga motarsa. A kuma tura mutum uku su gana da shugabannin masu citta kafin kaka.