Haƙƙi Ba Ya Biyo Mutum Gida, Sai An Bi Shi

An ce in yi magana a kan tsare mutane da soja ke yi, da abin da ya kamace mu. To, ba sai mun je nesa ba.

Dattawa sun tuna da dokar soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba da ikon a tsare mutum ba shari'a, kotu kuma ba ta da ta cewa. Zamanin soja bai bar babba ba, balle yaro. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, da ya matsa a taron tsarin mulki nan Abuja cewa soja su sauka, an kama shi a 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba 1997. Allah ya jiƙansa. A 1999 aka soke wannan doka, amma fa halin bai tafi tare da ita ba.

Ga shaida a nan Gudu. Ranar 20 ga Satumba 2013, da tsakar dare, sojoji da jami'an tsaro na farin kaya suka buɗe wuta a wani kango kusa da gidajen 'yan majalisa na Apo, wai 'yan Boko Haram ne a ciki. Mutum 8 suka rasu, 11 suka ji rauni. Yawancinsu 'yan ci-rani ne masu tuƙa Keke Napep, yaranmu ne da suka rasa kuɗin haya.

Jama'a, da an yi shiru an ce ƙaddara ce, da shi ke nan, an binne su da baƙin suna. Amma ƙungiyar masu Keke da masu kare haƙƙin jama'a suka kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Aka zauna, aka ji shaidu. A watan Afrilu 2014 hukumar ta ce babu hujjar cewa mamatan 'yan Boko Haram ne, ta umarci gwamnati ta biya diyyar Naira miliyan 135: miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci, miliyan 5 ga kowane mai rauni. Sai a 2018 aka biya. Kuɗi ba ya maido da rai, amma an wanke sunansu. Me ya jawo haka? Ƙungiya, da rubutu, da naci. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, mu san doka. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, sai fa in laifin kisa ake zarginsa da shi. Kotu kuwa ga ta nan a Gudu.

Na biyu, ƙungiya ta buɗe littafi. Duk wanda ya sauka unguwar nan a rubuta sunansa da garinsu da sana'arsa, domin in an ɗauke shi a sami mai tsaya masa, a sami lauya da wuri.

Na uku, katin zaɓe. Mu daina cewa mu baƙi ne, ƙuri'armu tana can gida. Abuja ba ta da gwamna. Sanata ɗaya gare ta, da 'yan majalisar wakilai 2, da ƙananan hukumomi 6. Ashe kansila da ciyaman su ne na kusa da mu. A nan muke biyan kuɗin rumfa, a nan muke binne mamatanmu. Wanda ba shi da ƙuri'a a inda yake kwana, wa zai amsa kiransa ran da aka buga masa ƙofa?

Allah ya tsare mu daga zalunci, ya kuma hana mu zaluntar wani. Wassalamu alaikum.