MA'AKE: KATANGAR DA KE TSARE RAI



Yau za mu tsaya a kan kalma guda ta Ibrananci, wato "ma'ake". Sau ɗaya tak ta bayyana a dukan Tsohon Alkawari, a Maimaitawar Shari'a 22:8. A can Ubangiji ya umarci duk wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa ma'ake, domin kada wani ya faɗo ya mutu, alhakin jininsa ya rataya a kan gidan.

To, mene ne ma'ake? Da yake babu wata aya da za a gwada ta da ita, masana sun bi saiwarta. Sun danganta ta da wata kalmar Larabci mai nufin hanawa ko tarewa. Ashe ma'ake ita ce gajeriyar katangar da ake kewaye bakin rufi da ita, mai tare mutum kada ya zarce. Yahudawan da suka juya Attaura zuwa Helenanci a Iskandariya ta Masar, wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sun fassara ta da "sitefane", wato kambi ko abin da ya kewaye kai. Maginanmu na ƙasar Hausa ma rawani suke ce wa katangar da ta kewaye saman soro. Har yau Ibrananci na zamani ma'ake yake kiran makarin matakala da na baranda.

Rufin gidajen Isra'ila shimfiɗaɗɗe ne kamar na soro, kuma wurin zama ne. A kan rufi Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri (Joshuwa 2:6). A can Sama'ila ya gana da Saul (1 Sama'ila 9:25). A can kuma Bitrus ya hau yin addu'a a Yafa (Ayyukan Manzanni 10:9). Yara da baƙi da tsofaffi duk suna hawa, saboda haka rufi marar katanga tarko ne.

Mu lura da abu uku. Na ɗaya, dokar ta rigakafi ce. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila, na wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Almasihu, sun ce a kashe maginin da gininsa ya rushe ya kashe maigida. Wannan hukunci ne bayan gawa ta kwanta. Dokar Musa kuwa ta sa a ɗauki mataki tun ana ginin, tun kafin kowa ya hau.

Na biyu, nauyin yana kan mai gida. Shi ya san inda rufinsa ya ƙare, ko cikin duhu ba zai faɗi ba. Katangar domin wanda bai san gidan ba ce. Ayar kuma ba ta tambayi kabila ko addinin mai faɗuwa ba. Mu da muke zaune 'yan tsiraru a tsakanin maƙwabta da ba bangaskiyarmu ɗaya ba, ran ɗan maƙwabci da ya shigo harabarmu yana wuyanmu daidai da ran ɗanmu.

Na uku, sakaci laifi ne a gaban Allah. Mai gidan bai tura kowa ba, amma ayar ta ambaci jini. Malaman Yahudawa sun gane haka. Sun ƙayyade tsayin ma'ake kada ya gaza faɗin tafin hannu 10, wato tsakanin santimita 80 da mita 1. Rabbi Natan ya koyar daga wannan aya cewa kada a ajiye mugun kare ko ruɓaɓɓen tsani a gida. Maimonides, wanda ya rasu a 1204, ya haɗa da rijiya da rami a tsakar gida.

'Yan'uwa, yawancin majami'unmu da gudummawarmu muka gina su, kuɗi kuwa ba ya isa. Sau da yawa abin tsaro ne ake ɗagawa zuwa baɗi, a fara da fenti da lasifika. Mu sake lissafi. Shin rijiyar da ke harabar ikkilisiya tana da murfi? Ramin salga fa, da tsirarar wayar lantarki, da matakalar bene marar makari, da janareta kusa da ajin Makarantar Lahadi? Idan muka rage siminti ko rodi domin a gama gini da wuri, ran wa muka saka a caca?

Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su zagaya harabarsu cikin wannan wata tare da magini da ya san aikinsa, su rubuta abin da ke bukatar gyara, a fara da mafi hatsari. Zumuntar mata da ta matasa su yi haka a gidajen mambobi, musamman na gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai gyara musu. Cewa Allah zai kiyaye ba ta ɗauke mana aikin, gama Allahn da ke kiyayewa shi ne ya ce a gina katangar.

Ubangiji ya ba mu idon ganin hatsari da zuciyar ƙaunar maƙwabci. Amin.