KAYAN KOYON TURANCI SUNA CIKIN RUMFUNANMU

Jawabin da aka yi wa 'yan ajin dare na 'yan kasuwa a Kano

Dattawa da malamai, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da ku samari 'yan tebur da 'yan dako, muna gode muku da kuka rufe rumfuna kuka zo da gajiyar wuni a jikinku.

Abin da ya tara mu yau kowa ya ji ƙishin-ƙishinsa. Mun buɗe ajin koyon Turanci, mutane sun ba da sunayensu, malami ya samu, sai aka ce to ina littattafai? Aka aika aka tayo, da aka lissafa sai aka ga kuɗin littafi guda ya fi ribar wuni ta da yawa daga cikinmu. Waɗansu suka ce a dakatar da aji tukuna, sai hukuma ta aiko da kaya. Mu ba mu ga haka ba, kuma za mu faɗi dalilinmu.

Da fari dai, ba don yanga muke neman Turancin nan ba. Ku tuna farkon shekarar 1973 da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, iyayenmu nawa aka cuta wajen canji? To irin wannan ta sake faɗo mana a farkon 2023, sa'ad da aka sake fasalin naira, takardun kuɗi suka ɓace, ciniki ya koma ta waya. Mai tumatir da mai goro da mai atamfa duk aka tilasta musu karɓar tiransifa. Saƙon banki kuwa da Turanci yake zuwa. Wanda bai san bambancin credit da debit ba, watau kuɗi sun shigo ko sun fita, sai ya miƙa wa yaro waya ya duba masa. In yaron mai amana ne, alhamdu lillahi. In kuwa mai saye ne ya nuna masa alat na bogi ya ɗauki kaya ya tafi, sai dai haƙuri. Babu layi a Kantin Kwari ko Kurmi ko Dawanau da ba a san wanda wannan ta faɗa wa ba. Haka nan takardar haya, da rasit na haraji, da takardar asibiti, da sammacin kotu. Mutum da gemunsa, yana ciyar da gida guda, a ba shi takarda a ce dangwala nan, ya dangwala bai san abin da ya ɗaukar wa kansa ba.

Masu cewa a jira hukuma ba su yi ƙarya ba, hakkinmu ne. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta koyar da manya karatu kyauta. Amma waɗanda suka rubuta shi sun bar wa kansu ƙofa, suka ce sai lokacin da hali ya yi. Ba za mu daina tambaya ba, amma fa kada mu naɗe hannu muna jiran ranar da hali zai yi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma ba yau aka fara ba. Cikin shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta yi ta buga ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Dubban mutane suka koyi karatun boko da su. Amma a 1959 aka rufe ta. A 1980 kuma, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Abin da muka koya daga waɗannan shi ne, ajin da ke shan ruwa daga baitulmali kaɗai, ran da aka rufe famfo sai ya bushe.

To da me za mu yi karatu? Ku dubi rumfunanku. Kowane katon na taliya ko sabulu ko madara, Turanci ne a jikinsa: sunan kaya, da nauyi, da adadin da ke ciki, da ranar da aka yi shi, da ranar lalacewarsa. Wannan na ƙarshe shi kaɗai ya isa darasin mako guda, domin wanda ya iya gane inda aka rubuta EXP, ya iya karanta wata da shekara, ba a ƙara jibge masa kayan da suka tashi aiki, ba ya kuma ba ɗansa maganin da ya mutu. Kowa ya zo da takarda guda da ta taɓa ba shi wahala, ko rasit, ko takardar buɗe asusu, ko wadda direba ke kawowa tare da kaya daga Ikko ko Anacha. Malami ya shafe suna da lambar asusu, domin sirrin mutum nasa ne, a kai wa mai fotokwafi. Takarda goma sha biyu irin waɗannan in aka ɗinke su da zare, sun zama littafin wata uku, kuma babu kantin da ke sayar da irinsa.

Mun ma fi son wannan da littattafan 'yan firamare da ake samu a gwanjo. Ba mu raina su ba, amma don yara aka rubuta su. Dattijon da ke lissafin buhu ɗari a ka ba tare da alƙalami ba, in aka zaunar da shi yana maimaita labarin kyanwa da ƙwallo, zai zo yau, ya zo gobe, jibi ya ce baƙi ya yi. An ce gemu ba ya hana ilmi, gaskiya ne, amma kunya tana hanawa.

Katon ɗin kansa kada a yar. A yanka shi gunduwa-gunduwa kamar tafin hannu, a rubuta kalmar Turanci a gaba, ma'anarta da Hausa a baya. Mutum ya sa biyar a aljihu, sa'ad da kasuwa ta yi sanyi bayan azahar ya fito da su ya yi tilawa, ran aji ya musanya da na maƙwabcinsa. Wanda ya yi makarantar allo kuwa, kada kowa ya kira shi jahili. Ya rubuta yadda ake furta kalmar da ajami a ƙarƙashinta, domin Turanci dabam ake rubuta shi dabam ake faɗinsa, kuma abin da mutum ya riga ya sani shi ne tsaninsa. Wanda bai iya haɗa baƙaƙen boko ba sam, ya fara da Hausa 'yan makonni, sa'an nan ya ƙetara. Kada ya ga an mai da shi baya, ita ce gajeruwar hanya.

Akwai abin da sai an saya, ba mu ɓoye muku ba: falle guda na katako da fenti baƙi don allo, da alli, da fitila mai aiki da hasken rana, da ƙamus. Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ya fito tun 1965, ko tsoho aka samu ya wadatar. Guda ɗaya ya ishi aji, a ajiye shi wurin ma'aji. Littafin rubutu da fensir kowa ya sayi nasa. Hanyar kuɗin kuwa mun san ta tun kaka da kakanni, watau adashi. In mu talatin ne, kowa ya zuba naira 200 a mako, an sami 6,000. A wata guda 24,000 ke nan. Kwasar fari ta allo ce da fitila, ta biyu ta ƙamus da fotokwafi, daga nan kuma abin da ya shigo rabi na malami ne. Ko ɗan bautar ƙasa ne, ko tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki, kada mu bar shi ya zo da kuɗin motarsa. Ajin da ake yi wa malami godiya da baki kawai ba ya kai damina.

Sai maganar kunne, domin takarda ba ta koya wa mutum furuci. Muryar Amurka a 1959 ta fara shirin Turanci mai sauƙi, wanda aka riƙa karantawa a hankali da kalmomi kamar 1,500, BBC ma tana da darussanta kyauta a intanet. Ba sai kowa ya sayi data ba. Mutum guda ya sauke, a tura wa saura waya zuwa waya, ko a kai memori wurin yaran nan masu tura waƙoƙi da finafinai a bakin kasuwa su zuba. Amma mun fi ƙarfafa malami ya ɗauki muryarsa da kansa, yana karanta takardun nan namu, Turanci sa'an nan Hausa. Da wannan ne za mu kai karatu cikin gida wurin matan da ba sa fita, masu sana'ar ƙuli da ɗinki da dillanci, waɗanda su ma yanzu ta waya ake biyansu, kuma su aka fi cuta.

Wani ya tambaye mu ko wannan zai sa mutum ya ci jarrabawa ya sami takardar shaida. A'a, ba mu yi wannan alkawari ba. Mai son haka, in ya yi ƙarfi, sai mu raka shi azuzuwan hukumar ilmin manya. Abin da muka ɗauka shi ne, bayan wata shida kowa ya karanta alat ɗinsa da kansa, ya cika takardar banki, ya sa hannu da sunansa.

Sabo da haka ran Asabar bayan sallar isha'i, kowa ya zo da katon guda, da takardarsa, da naira 200. Za a zaɓi ma'aji da magatakarda a wurin, kuma kowane mako za a karanta lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Masu almakashi da reza su taho da su. Wassalam.