Gishiri, Kanwa da Horon Likita



Batun da aka ɗora mana yau shi ne halin wanda likita ya hana wa gishiri. Da wuya a sami ɗayanmu da ba shi da irin wannan mutum a gida: ko mahaifi mai hawan jini, ko gwaggo mai ciwon ƙoda, ko wa wanda zuciyarsa ta gaza har ƙafafu suka kumbura. Da yake kuwa mu ne 'yan bokon gidajenmu, mu ake miƙa wa takardar asibiti a ce mu fassara. Ashe wajibi ne mu san abin da ke ciki.

Abin da likita ke gudu shi ne sinadarin sodiyam, wanda ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyin gishiri. Halinsa shi ne riƙe ruwa a jiki. In ruwa ya yawaita a hanyoyin jini sai jinin ya hau, zuciya ta shiga aikin da ya fi ƙarfinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau bai cika cokalin shayi ba. Wannan fa ga mai lafiya ke nan. Majinyaci akan rage masa ƙasa da haka.

To, sai a tarar uwargida ta daina barbaɗa gishiri, ta ninka dunƙulen magi don miya ta ɗanɗanu, alhali wajen rabin dunƙulen nan gishiri ne. Farin magi ma sodiyam ne. Haka yajin tsire, da kilishi, da burodi, da kifin gwangwani, da taliyar leda da muka mayar abincin dare a ɗakunan kwana.

Amma wadda ta fi ɓuya ita ce kanwa. Ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, saboda haka ba a zarginta, ga ta kuwa cikin ɗanwake da dafaffen wake da miyar kuɓewa. Kanwa ma sodiyam ce. A nan ƙasarmu ta shiga littattafan likitanci: a 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga bincikensu a kan mata 224 da suka kamu da gazawar zuciya wajen haihuwa a Zariya. Sun danganta yawan ciwon da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon wuta har kwana arba'in. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna ciwon yana da wasu dalilai, yana kuma kama wadda ba ta sha kunun ba. Duk da haka, mai jegon da ke da hawan jini ko take haki, ba ta kanwa ganganci ne, ko da kakarta ce ta dama.

Wahalar horon nan ba a asibiti take ba, a bakin akushi take. Mu mutane ne masu ci a kwano ɗaya, kuma matar da aka ce miyarta lami an ci mutuncinta. Dattijo kuwa ya gwammace ya ci abin da zai cuce shi da a ce an ware shi. Dabarar ita ce a ɗebar masa tasa miyar kafin a sa gishiri, a gyara ta da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro, a matsa lemon tsami, sa'an nan a kawo masa cikin jama'a. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni, makon farko ne mai ɗaci.

Akwai wani gishiri da ake sayarwa wai na masu hawan jini, wanda aka musanya sodiyam ɗinsa da fotashiyam. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai da izinin likita, gama yana iya tsayar da zuciya. Rage gishiri kuma ba ya ɗauke shan magani.

Roƙonmu ga shugabannin ƙungiya shi ne su zauna da masu dafa abinci a harabar jami'a, a riƙa ware tukunya guda mara gishiri da magi. Akwai ɗalibai a cikinmu da ke ɗauke da takardar likita a aljihu, suna cin abin da aka hana su don babu wani.